Baƙon da Ingilishinsa ba ya sayen albasa: zaman masu jin Turancin Ingila a Magariya da Dungas

A ƙauyukan kudancin Magariya ta ƙasar Nijar har yau akwai tsofaffin da in ka tambaye su ina wane, sai su ce maka ya tafi Ingilishi. Wanda bai saba ba sai ya ɗauka Landan ake nufi, alhali yaron yana nan Babban Mutum ko Daura ko Kano, ya je cin rani ko saro kaya. Nan gida kuwa Faranshi ne. Sunayen nan biyu sun tsufa. Tsakanin 1906 da 1908 ne Kyaftin Tilho na Faransa da Manjo O'Shee na Ingila suka bi ƙasar nan suna kafa alamomin iyaka, guda 148 daga kogin Kwara har tafkin Chadi, suka tsaga tsohuwar ƙasar Daura gida biyu. Turakun ƙarfen da suka kafa mutane suka sa musu suna tangaraho, kuma manomi yakan zagaye su da garma kamar yadda yake zagaye kututture.

To, ka dubi mutumin da ya taso daga Amurka ko Kanada ko Ingila, ko ma daga Enugu ko Kumasi, ya sauka a tashar Magariya da jakarsa. Ya zo inda sunan harshensa shi ne sunan ƙasar maƙwabta, tafiyar da ba ta kai awa guda a mota ba, amma harshen kansa ba zai saya masa ko ƙullin gishiri ba. A ofishin perfe, wurin jandarmomi, wurin 'yan duwan, a lakwal, a gidan likita, da Faransanci ake rubutu. A kasuwa, a bakin rijiya, a ƙofar fada, a masallaci, Hausa ce, sai Fulatanci da Barbarci jefi-jefi. Ƙidayar 2012 ta sami mutum sama da 570,000 a gundumar Magariya, da sama da 350,000 a ta Dungas, wadda aka cire daga jikin Magariyar a 2011. Cikin wannan taro, wanda zai iya zama da kai ya yi hirar awa guda da Ingilishi sai an tona.

Hausar ma ba wadda ke cikin littafin koyon da ya zo da shi ba ce. Littafin da Hausar Kano aka rubuta shi, nan kuwa malamin boko mushe ne, asibiti likita ne, biro bik ne, littafin rubutu kaye ne, fulogin babur buje ne, makarantar boko lakwal ce. Sai kuɗi, wanda shi ne ke fara kayar da kowane baƙo. Ya tsaya gaban mai albasa, ya nuna kashi ɗaya, ta ce masa dala hamsin. Ya laluba aljihu ya ciro kwabon da aka rubuta 50 a jikinsa ya miƙa mata. Ta juya shi a tafin hannu, ta dubi maƙwabciyarta mai daddawa, su biyun suka fashe da dariya, sannan ta ce, “Anasara, wannan ai dala goma ne, ƙaro arba'in.” Dala ɗaya tamma biyar ce, wato sefa biyar. Abin da takarda ta ce 500, baki ya ce dala ɗari; abin da ta ce 1,000, baki ya ce jika. Duk cinikin da zai yi sai ya ninka ko ya raba da biyar a ransa, ga kuma naira tana yawo a kasuwannin bakin iyaka, sai ya tambaya da wane kuɗin ake magana. Ranar da ya iya cewa “a rage mini dala biyar” ba tare da ya ƙirga yatsu ba, ranar ya fara zama a garin.

Na daɗe ina tunanin abin da ke bambanta zaman wani baƙo da na wani a ƙasar nan, tunda rana ɗaya ce ke gasa su, sauro ɗaya ke cizon su. Abin da na tsaya a kai shi ne mai masauki. Bahaushe ya san wannan tun zamanin fatake: baƙo da mai masaukinsa ake auna shi, shi ke nuna masa wanda zai gaisar da wanda zai kiyaya, shi ke tsaya masa in rigima ta taso. Ka gaya mini wanda ya sauki Bature a Magariya, in gaya maka ƙarfe nawa yake tashi, me yake ci, da wa yake hira, da abin da zai tafi da shi gida.

Masu mishan na SIM ne suka fara zama mai tsawo. Sun sauka Damagaram, wato Zinder, a 1924, daga baya suka kafa mazauni har a Dungas. Wa'azinsu bai ja mutane da yawa ba a ƙasar da Musulunci ya kafu, amma sun zo da wata al'ada da ta bi duk waɗanda suka biyo bayansu, wato ba a fara aiki sai an koyi Hausa. Bayan samun 'yancin kai sai ga 'yan sa-kai na Amurka, ƙungiyar Peace Corps da Shugaba Kennedy ya kafa a 1961, ta shigo Nijar a 1962. Daga nan zuwa 2011 sama da mutum 3,000 suka yi aiki a ƙasar, galibinsu samari da 'yan mata da suka gama jami'a ke nan. A shekarun ƙarshe na zamansu a Hamdallaye kusa da Yamai aka riƙa ba su horo na 'yan makonni, kowa a gidan wani magidanci, a koya masa harshe da zama a tabarma da cin tuwo da hannun dama. Daga nan a ɗauko shi a mota a kawo shi ƙauyen da zai yi shekara biyu, a damƙa shi hannun mai gari, motar ta juya.

Mai gari ke nan ya zama mai masauki. Shi zai ware masa ɗaki da ɗan tsakar gida a kewaye da zana, shi zai ce gidan wane za a riƙa kai masa tuwon dare, kuma sau da yawa a ƙofarsa ake raɗa masa suna. Wanda uwarsa ta sa wa suna a Ohayo ya wayi gari Sani ne ko Habu, budurwa ta zama Hadiza ko Zeinabu, kuma da sunan nan za a neme su shekara ashirin bayan sun tafi.

Yininsa da sautin gari yake tafiya. Da bazara a waje yake kwana cikin gidan sauro, domin ɗaki ya zama tanda, zafin Afrilu da Mayu yana wuce digiri 40. Kiran assalatu ne ke tashinsa, sai lugude daga gidaje huɗu a lokaci guda. Ya tace ruwan rijiya, ya aiki yaro ya sayo ƙosai, sannan ya fita aikin da ya fi kowane aiki muhimmanci, wato gaisuwa. Daga ƙofar mai gari zuwa ta liman, zuwa rumfar mahauta, zuwa gindin bishiyar da tsofaffi ke tufkar igiya. “Ranka ya daɗe, ina kwana?” “Lahiya lau, Sani. Ina gajiya? Ina baƙunta? Ina zafi?” “Zafi lokacinsa ne.” In ya ƙetare mutum ɗaya, kafin azahar labari ya zagaye gari cewa Anasara yana fushi da wane. Da rana hura, da la'asar shayi zagaye uku a fadar samari, da dare rediyo a kunne yana laluben BBC cikin ƙarar iska. Wasiƙa takan yi makonni a hanya. Sau ɗaya a wata ya hau motar kasuwa zuwa Zinder, ya haɗu da 'yan uwansa a gidan saukarsu, su yi kwana biyu suna zuba Ingilishi kamar masu buɗa baki.

Akwai wani abu da ban cika jin ana faɗa ba: mace ta fi namiji sanin ƙauye. Saurayin Bature iyakarsa zaure. Zai shekara biyu yana abota da mutum bai taɓa ganin fuskar matarsa ba, bai san yadda ake raba hatsin rumbu tsakanin kishiyoyi ba, bai san wace ce ke sayar da akuyarta in yaro ya kwanta ba. Budurwar kuwa, da zarar ta ɗaura zani da kallabi, ƙofa biyu ce a buɗe gare ta. Maza suna ba ta tabarma a ƙofar fada domin baƙuwa ce kuma ma'aikaciya, mata suna jan ta har ƙuryar ɗaki, su zizara mata lalle, su ɗora mata jariri, su tsare ta da tambayar da ba ta ƙarewa: “Hadiza, ke ina mijinki? Iyayenki sun san kina nan ke kaɗai?” Cikin tambayar nan akwai tausayi na gaske, domin a idonsu yarinyar da aka bari ta yi nisa haka ba miji ba ɗan uwa, wani abu ya same ta.

Abin da ya fi ba su wuya, in ka saurari labarinsu, abu biyu ne masu kama da kishiyoyin juna. Kaɗaici, da rashin samun kaɗaici. Mutumin da ya tashi a inda kowa ke da ɗakinsa da ƙofar da yake rufewa, ya zo inda rufe ƙofa da rana alamar ciwo ce ko fushi. Ya ɗauki littafi ya zauna, sai maƙwabci ya yi sallama ya zauna kusa da shi don kada ya zauna shi kaɗai, yara kuma sun jera ido a ramukan zana. Ga mutane ko'ina, amma ba wanda zai gaya wa abin da ke ransa da harshen da yake mafarki da shi. Sai kuma roƙo. Shi a lissafinsa talaka ne, ɗan kuɗin abincin da ake ba shi a wata bai taka kara ya karya ba. A lissafin ƙauye kuwa yana cikin masu hali: yana da rediyo, yana da akwatin magani, bai taɓa kwana da yunwa ba. Yara a hanya suna bin sa da “Anasara, kado!”, wato a ba su kyauta, manya kuma suna zuwa da dare a sirrance, wannan matarsa ta haihu, wancan irin shukarsa ya ƙare. Waɗanda suka yi dace sun gane cewa bayarwa tana da ƙa'idarta a nan, ana kai goro wurin suna, ana zuwa gaisuwar mutuwa da ɗan abu a hannu, ana ba da rance a manta da rabinsa. Waɗanda suka ɗauki kowane roƙo cin fuska, sun koma gida da ɗaci a baki.

Sai wata iyaka da abota ba ta iya sharewa, kuma bai kamata a ɓoye ta ba. Zazzaɓin cizon sauro da ya kwantar da shi, shi ne ya kwantar da ɗan maƙwabcinsa a mako guda. Shi mota za ta zo daga Zinder ta ɗauke shi, in ta yi tsanani jirgi ya fitar da shi daga ƙasar. Yaron kuwa a amalanken shanu za a kai shi, in an sami kuɗin magani. Mutanen ƙauye sun san haka, shi ma ya sani, kuma kowa yana zaune da sanin.

Cikin duk waɗanda suka yi irin wannan zama a ƙasar Magariya, wanda ya fi barin rubutu shi ne William Miles, wanda daga baya ya zama farfesan kimiyyar siyasa a jami'ar Northeastern da ke Boston. Ya koyar da Ingilishi a kolejin Magariya daga 1977 zuwa 1979, zamanin Seyni Kountché. A 1983 ya dawo da aikin bincike, ya raba zamansa tsakanin Yekuwa a nan Nijar da 'Yardaje a ƙasar Daura, ƙauyuka biyu masu harshe ɗaya da dangi ɗaya, tangaraho a tsakaninsu. Abin da ya gani ya zama littafinsa Hausaland Divided na 1994, wanda ya bi diddigin yadda mulkin Faransa da na Ingila suka bar halaye daban a sarauta da makaranta da kasuwa da tsoron hukuma. Mutane suna kiransa Mista Bello. Don zirga-zirga tsakanin ƙauyukan biyu ya mallaki doki, da zai tafi ya bar shi amana. Shekaru suka wuce, wanda ke riƙe da amanar ya rasu, maganar dokin ta shiga cikin rigimar gado. Aka aika masa da wasiƙa har Amurka. A watan Fabrairu na 2000 ya taso da ɗansa Samuel mai shekara goma, suka zo aka zauna aka warware, kuma ya ba da labarin a wani littafin da ya fito a 2008.

Wannan labarin dokin ya fi mini duk wani rahoton aiki. Ba a kiran baƙo zaman gado. Wanda ake aika wa takarda ƙetaren teku a ce ya zo ga maganar dukiyarsa ta taso, an riga an lissafa shi cikin masu haƙƙi a garin, masu ba da bashi da masu binsa. Shi kuma da ya ɗauko ɗansa ya kawo, ya nuna ya fahimci abin da ake nufi, domin a nan zumunta sai ta wuce kan 'ya'ya take tabbata. Miles Bayahude ne, bai ɓoye ba, masu masaukinsa Musulmi ne na ƙauye, kuma wannan bai hana a riƙe masa amana ba.

In aka zo ga aikin da aka turo su yi kuwa, gaskiya sai a rage murya. Lambuna da yawa sun bushe bayan tafiyar mai su, bankunan hatsi da yawa sun watse a shekarar farko da damina ta gaza. Shekara biyu ba ta isa ba, ta farko duk a koyon harshe take tafiya. Aikin baƙo da ya yi jijiya a yankin nan na wanda ya daɗe ne. Tony Rinaudo, mutumin Ostareliya, ya zauna a Maraɗi daga 1981 zuwa 1999, ya sha kaye wajen dashen itatuwa kafin ya lura cewa kututturan da ke gonaki suna da rai, sassabe kawai suke so a gyara. Ko a nan ma a yi hattara da yabo. Gawon da ya rufe gonakin Magariya da Matamaye da Mirya, wanda masana ke zuwa daga nesa su gani, manoman wurin ne suka bar shi ya tashi, don sun san amfaninsa ga ƙasa da dabba tun kakanni.

Wannan irin zama ya yanke a watan Janairu na 2011. Ranar 7 ga wata aka sace wasu samari Faransawa biyu a wani gidan abinci a Yamai, suka rasa rayukansu a yunƙurin ceto su. Cikin 'yan kwanaki Peace Corps ta kwashe mutanenta 98 daga ƙasar baki ɗaya, wasu ko sallama ba su samu yi da masu masaukinsu ba, kuma ba ta dawo ba. Abubuwan da suka biyo baya sun ƙara ƙulle ƙofar: sace Jeffery Woodke a Abalak a 2016, wanda sai a 2023 aka sake shi, kashe ma'aikatan agaji Faransawa shida da 'yan Nijar biyu a Kure a Agustan 2020, sace Philip Walton kusa da Birnin Ƙonni a Oktoban shekarar. Magariya da Dungas ba su ga irin tashin hankalin Diffa ko Tillaberi ba, amma mai zana taswirar haɗari a ofishin jakadanci ba ya bambanta wannan gari da wancan, iyakar Najeriya kawai yake gani.

Baƙon da ya rage sai ya sami sabon mai masauki, wato ƙungiya. A Magariya babbar ƙungiyar ita ce ta likitocin MSF, wadda ke aiki a nan tun yunwar 2005, tana riƙe da sashen yara a asibitin gunduma tare da ma'aikatar lafiya. Daga tsakiyar damina zuwa kaka, lokacin da rumbu ya yi ƙasa sauro ya yi yawa, sashen nan yakan zama ɗaya daga cikin mafi girma irinsa a duniya. A Satumban 2018 ƙungiyar ta ba da sanarwar cewa yara kusan 730 ne ke kwance, kuma a watan da ya gabata kimanin yara goma ke rasuwa kowace rana. A wasu shekarun an buɗe wani sashen mai gado 200 a Dungas don rage cunkoso.

Ka ɗauki ma'aikaciyar jinya daga Kanada ko Ailan da ta zo wannan aiki. Gidan ƙungiya take zaune, katanga doguwa, mai gadi a ƙofa, kuku a madafa, injin wuta, intanet da take ganin fuskar mahaifiyarta da shi kowane dare. Farar Land Cruiser mai dogon eriya ce ke kai ta asibiti ta dawo da ita, ko da tafiyar ba ta fi a taka da ƙafa ba. Akwai lokacin da dole ta kasance a gida, akwai unguwar da ba a yarda ta shiga ba, kasuwa ma sai da izini da rakiya. Aiki da Faransanci ake yi, taro da Faransanci, hira a teburin abinci da Faransanci, saboda haka ko cikin katangar ita baƙuwa ce sau biyu. Wahalarta ba ta ruwa ko ta abinci ba ce, ta ido ce: abin da take gani a ɗakin masu tsanani daga safe zuwa dare, ga ba inda za ta taka ta huce.

Ka tsaya kusa da gado ɗaya ka ji yadda magana ke tafiya. Uwa daga wani ƙauyen Dan Ciyawo tana zaune a gefen katifa, yaron a cinyarta, igiyar awon dantse ta nuna ja. Aka tambaye ta yaushe ciwon ya fara. Ta fara daga farko, yadda aka yaye shi don ta sami ciki, yadda aka kai shi wurin kakarsa, yadda aka ce haƙori ne, aka kai wa wanzami ya cire beli, aka jiƙa sassaƙe, mai gidan yana Ingilishi bai aiko ba, sai da ta sayar da tunkiya ta sami kuɗin kabu-kabu. Ta yi minti biyar tana magana. Tafinta ya juya ya faɗi kalma huɗu da Faransanci: zawo, mako biyu, tamowa. Baƙuwar ta mai da su Ingilishi a kanta ta rubuta. Maganin da za a ba yaron daidai ne, kuma sau da yawa zai tashi. Amma duk abin da zai sake dawo da shi baɗi yana cikin minti biyar ɗin da bai ƙetare ba. Wata shida ko tara za ta yi, lokacin da kunnenta ya fara kama “da sauƙi” da “jiki ya yi zafi”, lokacin ne wa'adinta ke cika, wata ta zo a sake daga ina kwana.

Ba na faɗin wannan don rage darajar aikin. Dubban yaran da ke tafiya da ƙafafunsu yau a Bande da Wacha da Guci da sun mutu ba don wannan sashe ba, kuma dokokin tsaron nan jini ne ya rubuta su. Abin da nake so a lura shi ne inda sanin ƙasa ya koma. Yana wurin ma'aikatan jinya da direbobi da tafintoci 'yan Nijar, waɗanda su ne mafi yawa nesa ba kusa ba, waɗanda suka ga damina goma sha biyar a ɗakin nan, kuma su ke koya wa kowane sabon zuwa aikin, ko da a takarda shi ne shugabansu. Wannan haka yake a kusan duk ƙungiyoyin agaji. Su kansu baƙin ma yanzu da yawansu 'yan Afirka ne, daga Kongo da Kamaru da Gini da Burkina Faso. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 kuma hukuma ta ƙara matsa wa ƙungiyoyin waje, tafiyar baƙo a karkara ta koma sai da rakiyar soja, har a Fabrairun 2025 aka umarci ƙungiyar Red Cross ta duniya ta bar ƙasar. Farar fata a kasuwar Dungas ta zama abin da ba kasafai ake gani ba.

Duk wannan bayani, ban taɓo mafi yawan masu jin Ingilishi da ke zaune a yankin ba, domin su ba a kiransu Anasara, ba a rubuta littafi a kansu. Ibo mai sayar da kayan gyaran babur da mota, Bayarabiya mai robobi da kwanuka, makanike, mai ɗinki, mai gyaran waya, malamin Ingilishi a makarantar kuɗi, ɗan Najeriya ko ɗan Gana. Shi ma ya bar gida, shi ma Faransanci ya tare shi a ofis, shi ma dala ta ruɗa shi a makon farko. Bambancin shi ne ba wanda ya ba shi horo a Hamdallaye, ba motar da za ta zo ɗaukarsa. Mai masaukinsa shi ne mai gidan da ya ba shi hayar shago, da ɗan garinsu da ya riga shi zuwa. Ɗaki ɗaya a bayan shagon yake kwana. Hausa kuwa cikin 'yan watanni yake kama ta, da karin Damagaram har da “hwa” da “hi”, domin tuwonsa a bakinsa yake. In ya kawo iyali, 'ya'yansa suna lakwal suna karatu da Faransanci, suna wasa da Hausa, uwarsu tana yi musu faɗa da Ibo, shi yana lissafin kaya da Ingilishi. Ya san wanda ake ba bashi da wanda ba a ba, yana zuwa suna, yana zuwa jana'iza ya tsaya daga gefe. A wajen shiga jama'a, shi ne magajin ɗan sa-kai na da, har ya fi shi, don shi ba shekara biyu ya zo yi ba.

Kuma shi ne iska ke fara kaɗawa in manya sun saɓa. Da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agustan 2019 zuwa Disamban 2020, kayansa ta hanyar daji suka riƙa shigowa da tsada ninki. Da aka sake rufewa bayan juyin mulkin 2023, aka kuma yanke wutar da ke zuwa daga Najeriya, mai walda da mai sayar da ƙanƙara suka zauna hannu rabbana, hanyar Tinkim zuwa Babban Mutum da ta Dungas zuwa Maigatari suka yi tsit sai ɓarauniyar hanya, har zuwa Maris na 2024. Nijar ta fita daga ECOWAS a Janairun 2025, maganar takardun zama ta dawo sabuwa a zuciyar kowane baƙo. Faɗuwar naira, wadda ta kai jikar sefa ta haura naira 2,000 a 2024, ta yi masa daɗi ta wani gefen, don abin da yake aikawa gida ya yi auki. Amma wanda ya ga Janairun 2015, lokacin da zanga-zangar zanen ɓatancin jaridar Charlie Hebdo ta kai ga ƙona coci-coci a Zinder da Yamai, ya san cewa in rana ta ɓaci ba shi da jirgi, ba shi da ofishin da zai kira. Maƙwabcinsa Musulmi da zai buɗe masa ƙofa ya ce shigo da yaran, shi ne duk tsaronsa. An sami masu buɗewar, kuma ya kamata a riƙa tunawa da su.

Akwai ma wanda ya fi wannan wuyar sa wa suna: Bakano ko Bakatsine mai digirin Ingilishi da ya zo koyarwa. A kasuwa ɗan gida ne, a masallaci ɗan gida ne, wataƙila ma kakarsa 'yar Sasumburum ce. Sai ya shiga ofis an miƙo masa takarda da Faransanci, nan take ya zama baƙo, yana neman wanda zai karanta masa.

A Maris na 2025 sabuwar dokar ƙasa ta Nijar ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, ta ce Ingilishi da Faransanci su ne harsunan aiki. A takarda ke nan harshen da ba ya sayen albasa ya hau kujera ɗaya da na tsohon mai mulki. A aji kuwa yaro ba ya fara jin Ingilishi sai ya shiga kolej, awoyi kaɗan a mako, cikin ɗaki cike maƙil, littafi ɗaya a hannun mushe. Ga sha'awar tana nan da ƙarfi, domin samari sun ga masu zuwa jami'o'in Kano da Zariya da Sakkwato, sun ga aikin ƙungiyoyi yana neman mai harshe uku, wayar hannunsu ma da Ingilishi take yi musu magana. Zamanin Mista Bello Ba'amurke ne ke tsaye gaban allo. Yau ɗan kolej a Dungas da ke son ya ji harshen a bakin mai shi, bayan la'asar yake ɗaukar kayensa ya nufi layin masu kayan babur, ya zauna a bencin ƙofar shagon Ibo. Ya haɗa jimlarsa tun daga hanya, ya gaishe shi da Ingilishi a hankali, kalma bayan kalma. Mai shagon yana ƙirga buje cikin kwali, ya ɗago kai ya ce, “Lahiya lau, ɗan lakwal. Ina mutan gida?” Sai yaron ya roƙe shi, sannan ya ajiye kwalin ya juya harshe.